Katako a Titin Masu Kuɗi: Abin da Na Gani a Tokiyo

A watan Nuwamban 2023 na sauka a filin jirgin sama na Narita, bayan doguwar tafiya daga Abuja ta hanyar Addis Ababa, wadda ta sa na kasa bambance lokacin barci da na farkawa har tsawon kwana biyu. Ɗan ƙanwata da ke karatun injiniya a Tokiyo shi ya tarbe ni, kuma tun muna cikin jirgin ƙasa ya fara jero mini wuraren da baƙi suka saba zuwa. Na ce masa ya ajiye wannan tsari, domin ni ɗan kafinta ne, na girma cikin ƙurar zarto a shagon mahaifina, aikina kuma har yau sa ido ne a kan gine-gine, saboda haka abin da ya kawo ni shi ne in ga yadda manyan kantunan kayan alfarma suka koma yin ado da katako a birnin da wuta ta sha cinyewa. Ya yi dariya ya ce, "Kawu, ka tsallake rabin duniya don ka zo kallon falanki?" Na ce masa haka ne.

Washegari muka fara daga unguwar Harajuku, inda dajin wurin ibadar Meiji yake. An buɗe wurin a 1920, kuma dajin da ya kewaye shi dasa shi aka yi da hannu, da itatuwa kimanin 100,000 da mutane suka bayar daga sassan ƙasar. A kan hanyar shiga akwai wata ƙatuwar ƙofa ta ginshiƙai biyu da gungume a gicciye, tsayinta mita 12, ba fenti a jikinta ko kaɗan. Na daɗe a gindinta ina shafa ginshiƙin da idona, saboda ban taɓa ganin itace guda mai wannan kauri a miƙe haka ba. Tsawa ce ta lalata ta farko a 1966, aka sake tsayar da wannan a 1975 da itacen hinoki mai shekara kusan 1,500, wanda aka saro daga duwatsun Taiwan domin ba a sami irinsa a cikin Japan ba. Na riƙe wannan batu a raina, don kuwa ya dawo mini kafin la'asar ta ranar.

Daga bakin dajin ne titin Omotesando ya miƙe, kuma asalinsa hanyar zuwa wurin ibadar ce, sai ga shi a yau ya zama layin da kamfanonin jaka da takalmi da turare na Faransa da Italiya ke gasar gini a kansa. Itatuwan keyaki ne suka yi masa rumfa hagu da dama, yawancinsu an sake dasa su ne bayan ruwan bama-bamai na 1945 ya ƙone na farko, kuma a lokacin da na je ganyensu ya koma ruwan ƙasa yana zuba a kan masu wucewa. Masu zanen gini da yawa sun yi ƙoƙarin yi wa waɗannan itatuwa kara. Toyo Ito ya zana wa kamfanin Tod's gini a 2004, ya zuba kankare a siffar rassan keyaki ya cike tsakaninsu da gilashi, Tadao Ando kuma ya riƙe tsayin rukunin kantunan Omotesando Hills na 2006 daidai da kan itatuwan don kada ya danne su. Dukansu biyu sun burge ni, amma kankare ne, ni kuwa katako nake nema.

Na same shi a ƙarshen titin, a ginin da ake kira One Omotesando, wanda Kengo Kuma ya zana aka kammala a 2003 domin rukunin kamfanonin LVMH, masu Louis Vuitton da Dior da sauransu. Gaban ginin gilashi ne, sai dai an jera masa falankai a tsaye daga sama har ƙasa, kowanne ya fito waje kusan rabin mita, an yi su da siraran katako da aka manne da gam suka zama abu ɗaya. Idan ka tsaya daidai gabansa kana ganin cikin kantin sarai, idan kuma ka taho daga gefe sai falankan su haɗu a idonka ginin ya zama bangon katako, kamar yadda asabari ke yi wa ƙofar ɗaki. Dokar kashe gobara ta birnin ba ta yarda a lulluɓe babban gini da katako haka kawai ba, sai da aka saka bututun feshin ruwa a jikin bangon daga waje kafin hukuma ta ba da izini. A nan na fara fahimtar cewa a Tokiyo duk wanda ya ga katako a jikin bene, to akwai doguwar muhawara da aka yi da masu kula da gobara kafin ya hau.

Muka tsallaka zuwa Minami-Aoyama, muka wuce kantin Prada da Herzog da de Meuron suka zana a 2003, wanda gaba ɗayansa gilashi ne mai kumburi kamar idon kifi. Na leƙa wani kantin kusa da shi, na ga farashin wata 'yar jakar hannu da na lissafa a naira na tarar za ta rufa wa mutum ɗaki biyu da kwano da silin, na fito ban ce uffan ba. 'Yan mintuna kaɗan daga nan, a cikin wani lungu na gidajen zama inda hanya ta ɗan gangara, ginin da ya fi komai tsaya mini a rai ya bayyana.

Kantin SunnyHills ne, na wani kamfanin Taiwan da ke sayar da kek mai cike da abarba a cikin kwalaye masu tsada irin na kyauta. Kengo Kuma ne ya zana shi, aka buɗe a ƙarshen 2013, injiniyan da ya yi lissafin ƙarfinsa kuwa Jun Sato ne. Daga nesa za ka rantse wani ƙaton kwando ne aka kife a bakin hanya, ko tarin kirare da guguwa ta tattara ta ajiye. Da ka matso sai ka ga sandunan hinoki ne masu kusurwa huɗu, kowace fuska santimita 6, an saƙa su a karkace suna ratsa juna, layi bayan layi, har hawa uku. Na sa tabarau na durƙusa a gefen ƙofa ina duba mahaɗa guda, domin a nan ne aikin kafinta ke tona asirin kansa. An fafe kowace sanda a daidai inda 'yar'uwarta za ta ratsa, an zura wannan cikin waccan, sannan ta uku ta zo ta kulle su, kuma bakin yankan ya zauna daram, ko farce ba zai shiga tsakani ba. Sunan wannan haɗi a harshensu jigoku-gumi, wanda ɗan ƙanwata ya fassara mini da "haɗin jahannama", na nemi tsari, ya ce ai sun kira shi haka ne saboda idan ya kullu ba ya kwancewa cikin sauƙi. Asalinsa dabarar masu yin firam ɗin ƙofofin takarda ce, aiki ne na shimfiɗe a kan tebur, sai aka ɗaga shi aka ba shi kauri har ya zama yana taimakawa wajen ɗaukar nauyin gini. Mahaifina, Allah ya jiƙansa, ya kan ce kafintan da ya yawaita ƙusa yana ɓoye kuskuren awonsa ne. Da ya ga wannan wuri da ya wuni bai fita ba.

A ciki ana hawa wani matakala da ba a daidaita faɗin takunsa ba, da tsirrai a gefe, ƙamshin hinoki kuma yana tashi, wani abu tsakanin ɓawon lemo da sabon itace. A hawa na biyu akwai babban tebur da baƙi ke zama a kewaye, kuma al'adar kantin ce a ba baƙi kek guda da shayi kyauta. Bayan ɗan ƙanwata ya tambayi abin da aka haɗa shi da shi, muka ci. Hasken rana yana ratsowa ta cikin saƙar yana faɗowa ɗigo-ɗigo a kan tebur da hannuwan mutane, irin wanda mutum ke samu a ƙarƙashin tsamiya da hantsi, kuma Japanawa suna da kalma ta musamman domin wannan haske, komorebi. Na lura cewa kusan kowa ya sauko da kwali a hannu, har da ni. Ginin shi ne tallan, kuma ya fi kowane allo iya aikinsa. Abin da ya ba ni murmushi shi ne yadda al'amarin ya juya, domin da safe na ga ƙofar Japanawa da aka yi da tsohon itacen Taiwan, da yamma kuma ga ni zaune a kantin mutanen Taiwan da aka saƙa da ƙananan itatuwan Japan. Taiwan ta hana saran dazuzzukanta na asali tun farkon shekarun 1990, don haka irin wancan gungume ba zai sake fitowa kasuwa ba, sandar santimita 6 kuwa ana samunta daga itacen da mutum ya dasa da hannunsa ya kuma ga girmansa.

Wannan ne ya sa a rana ta uku na ce sai mun je inda katakon ke fitowa. Muka hau jirgin ƙasa daga Shinjuku muka yi yamma, muka canza a Ome, bayan kusan awa biyu muka sauka a Okutama, wadda har yanzu cikin lardin Tokiyo take ko da yake babu abin da ke cikinta sai duwatsu da kwazazzabai. Tun daga taga na ga tsaunuka sun rufe da itatuwan sugi da hinoki a miƙe kamar an ja su da igiya, duk tsayi ɗaya, kuma duk wanda ya san gona ya san wannan shuka ce. Kusan kashi biyu cikin uku na ƙasar Japan daji ne, hekta miliyan 25, kuma kimanin miliyan 10 daga ciki dasawa aka yi, akasari bayan Yaƙin Duniya na Biyu lokacin da ake neman katakon sake gina birane. Kafin itatuwan su isa sara sai aka buɗe ƙofar shigo da katako daga waje a 1964, na waje ya fi araha, aka bar na gida a tsaye. Kason katakon da ƙasar ke samarwa da kanta ya faɗi ƙasa da kashi 19 cikin 100 a 2002, kafin ya farfaɗo zuwa sama da kashi 40 a 'yan shekarun nan. Masu aikin daji da suka kai kusan 146,000 a 1980 sun koma kimanin 44,000 a 2020, matasa sun tafi birni, tsofaffi kuma gwiwa ta hana su hawan dutse da zarto.

Mun bi wata 'yar hanya muka shiga wani yanki da aka daɗe ba a taɓa ba. Da rana tsaka ce amma ciki duhu ne, itatuwan sirara sun matse juna, ƙasa kuwa fayau babu ciyawa, sai saiwoyi a waje inda ruwan sama ya kwashe ƙasar. Manomi ya san cewa idan gero ya tsiro da yawa a rami ɗaya dole a rage shi, in ba haka ba duka su lalace, kuma haka dajin shuka yake. Can gaba muka iske wani yanki da aka rage, rana tana sauka har ƙasa, ƙananan tsirrai sun fito, kututturan da aka sare suna nan da zoben shekarunsu, na ƙirga na ɗaya na wuce hamsin kafin idona ya gaji. Ga wanda ya fito daga inda ake roƙon mutane su daina sare itace, abu ne mai wuyar haɗiya a ce akwai ƙasar da matsalarta ita ce ba ta sara isasshe. Har garin furen sugi ya zame musu annoba, yana sa miliyoyin mutane atishawa da ƙaiƙayin ido duk bazara, abin da ya sa gwamnati ta bayyana a 2023 cewa tana so ta rage dazuzzukan sugi na shuka da kusan kashi 20 cikin 100 a shekara goma. Tun a 2010 aka yi dokar ƙarfafa amfani da katako a gine-ginen gwamnati, aka faɗaɗa ta a 2021 ta haɗa da na 'yan kasuwa. Saboda haka idan kantin alfarma a Tokiyo ya sayi hinoki ko sugi na gida da tsada, kuɗin yana iya komawa ya biya wanda zai hau dutse ya rage daji ya dasa sabo, kuma a nan ne kalmar ɗorewa ke da ma'ana ta gaske. Akwai kuma lissafin iska, domin kusan rabin nauyin busasshen katako sinadarin kabon ne da itacen ya zuƙo yana raye, yana nan a kulle muddin ginin na tsaye, alhali sarrafa siminti shi kaɗai yana fitar da kusan kashi 8 cikin 100 na iskar kabon da duniya ke fitarwa.

Ranar Juma'a, bayan mun yi salla a masallacin Tokyo Camii da Turkawa suka gina a Yoyogi-Uehara, muka nufi Ginza, unguwar da filinta ya fi na ko'ina tsada a ƙasar. Tarihin Ginza tarihin gudun katako ne. Gobarar 1872 ce ta share ta, gwamnati ta sake gina ta da jan bulo, sannan girgizar ƙasa ta 1923 da gobarar da ta biyo baya suka hallaka mutum fiye da 100,000 a yankin Tokiyo, daren 10 ga Maris 1945 kuma bama-bamai suka ƙone unguwannin katako na gabashin birnin tare da mutane kusan adadin haka. Ba abin mamaki ba ne da dokar gini ta 1950 ta takura wa manyan gine-ginen katako, sai a 2000 aka sassauta, aka ce kowane irin abu za a yarda da shi matuƙar ya ci jarrabawar wuta. A kan babban titin unguwar muka tsaya gaban wani siririn bene mai hawa 12 na kamfanin Hulic, wanda aka kammala a 2021, kamfanin gine-gine na Takenaka suka gina da sa hannun Kengo Kuma a fasalinsa, kuma a lokacin kantin Apple ne ke ƙasansa na wucin gadi. Haɗin gambiza ne na ƙarfe da katako, hawan sama ne suka tsaya a kan ginshiƙan katako. Ɗan ƙanwata, da yake fanninsa ne, ya zaro biro ya zana mini cikin ginshiƙin a bayan rasit. "Kawu, kashi uku ne," in ji shi. "Na tsakiya shi ke ɗaukar nauyi, an kewaye shi da abin da ke shanye zafi kamar siminti, sai katako na waje wanda aka sa musamman don ya ƙone ya zama gawayi ya tare wutar." Na tuna yadda babban gungume ke kwana a murhu, bayansa ya yi baƙi cikinsa kuwa lafiya lau, na ce masa wannan kam tsofaffinmu sun sani, lissafin awannin ne ba su yi ba.

Duk da haka ban bar Ginza da zuciya ɗaya ba. Na shiga kantuna da dama inda bango da kanta ke sheƙi da launin itace, na ƙwanƙwasa da ɗan yatsa na ji amon ƙarfe, wato ɓawon katako ne da bai kai kaurin kati ba aka manna a kan wani abu. A wani kantin na tambayi ma'aikaciya daga ina katakon da ke bangonsu ya fito, ta sunkuya cikin ladabi ta tafi ta tambayo, ta dawo ta sake sunkuyawa ta ba ni haƙuri. Ban ga laifinta ba, jaka aka ɗauke ta ta sayar. Akwai takardun shaida irin su FSC da PEFC, da kuma SGEC ta Japan, waɗanda ke bin sawun katako daga daji zuwa shago, amma mai saye ba ya ganinsu a jikin bango. Ko babban filin wasan Olamfik na Tokiyo da aka kammala a 2019, wanda aka yi alfahari da cewa rumfarsa ta ƙunshi katako daga dukkan larduna 47 na ƙasar, ƙungiyoyin kare muhalli sun yi ƙorafin cewa falankan da aka yi amfani da su wajen zuba kankarensa sun fito ne daga dazuzzukan Malesiya da Indonesiya. Katakon da ake nuna wa baƙo daban, wanda aka yi aiki da shi aka jefar daban. Wannan ya taɓa ni ta wata fuska, domin na ga tireloli suna fitowa daga Taraba maƙare da gungumen madobiya, waɗanda ake kai wa China a yi kujerun alfarma da su, har sai da aka sa itacen cikin jerin da yarjejeniyar CITES, ta ƙasa da ƙasa mai kare tsirrai da dabbobin da ke fuskantar ƙarewa, ke taƙaita cinikinsu daga 2017. Kujerar madobiya a falon attajiri ita ma kyakkyawa ce, ita ma ana iya cewa daga halitta ta fito, amma babu wanda ya dasa ko ɗaya a gurbin waɗanda aka kwashe.

Sai kuma batun gyara, wanda masu talla ba sa son a tayar. Katakon da ke waje yana shan ruwa da rana, kuma Japan ƙasa ce mai damina da laima. Bayan dawowata, a 2024, labari ya bazu cewa siraran sandunan sugi da ke rufin gidan tarihin Hiroshige na garin Nakagawa a lardin Tochigi, wanda Kengo Kuma ya zana aka buɗe a 2000, sun ruɓe har ana neman kuɗi masu yawa don gyara, mutane suka yi ta suka. A ganina sukar tana da gaskiya rabi. Japanawa da kansu suna rushe babban wurin ibadarsu na Ise su sake gina shi da sabon hinoki duk shekara 20, na baya-bayan nan a 2013, kuma ta haka sana'ar ke wucewa daga hannun tsoho zuwa na yaro. Mu ma da muke da gidajen ƙasa mun san cewa azarar giginya tana iya shekara ɗari gara ba ta taɓa ta ba, amma bangon da ke ɗauke da ita sai an yi masa yaɓe kafin damina. Kuskuren shi ne a sayar wa ƙaramin gari gini irin wannan ba tare da an faɗa masa nawa zai riƙa ajiyewa duk shekara ba. Kantin da ke sayar da jaka a farashin ɗaki biyu ba shi da wannan uzuri, yana da abin da zai biya kafinta ya zo ya duba.

Ranar da zan tafi aka tashi da yayyafi, na ce wa ɗan ƙanwata mu koma Minami-Aoyama kafin mu kama hanyar Narita, domin ina so in ga ginin SunnyHills a jiƙe. A lokacin ginin ya kusa cika shekara goma. Sandunan da ke can ciki, inda ruwa ba ya kaiwa, suna nan da launin zuma, na waje kuwa sun dushe sun yi duhu, ruwa yana bin gangaren kowace sanda yana ɗiga daga bakinta. Na zaga ta gefen da hanya ta gangara, na duba kawunan sandunan ɗaya bayan ɗaya, tunda ta nan ne itace ke fara shan ruwa, na danna ɗaya da babban yatsa na ji ta da ƙarfi. Wata ma'aikaciya ta fito da lema ta tsaya a bakin ƙofa tana kallon baƙon da ya durƙusa a cikin ruwa, ɗan ƙanwata ya yi mata bayani da harshensu cewa kawunsa ɗan kafinta ne, ta gyaɗa kai ta matso da lemar ta rufe ni har na gama dubawa. Na sayi kwali biyu, ɗaya na gida, ɗaya na ƙanena da ya gaji shagon mahaifinmu, na kuma ɗauki hoton mahaɗa guda daga kusurwa huɗu domin ya gwada ta da ragowar katakon da ke shagon.